Ranar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Mama Fasto, iyayena mata, 'yan'uwana na zumunta, da ku mazan da kuka zauna can baya, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Sunana Rifkatu. Waɗanda suka zo daga wajen Yekuwa sun san ni, ni ce mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ranar kasuwa. Sun kuma san bakina, ba ya iya riƙe magana. Amma akwai kalma guda da bakin nan ya riƙe tun ina amarya har furfura ta fara leƙo mini, kuma a kanta na tsaya gabanku yau. Idan kuka ga na yi kuka, ku bar ni in yi, ba zai hana ni ƙarasawa ba.

Kun san al'adarmu a kan ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ranar da na haifi nawa, uwar mijina ta karɓe shi ta ce, "Wannan nawa ne, ke naki yana tafe." Haka aka yi wa uwata, haka aka yi mini, ban ga laifin kowa ba. Iyayenmu da suka karɓi Almasihu sun bar bori, sun bar tsafi, amma kunyar ɗan fari da ita muka shigo majami'a, muka zauna da ita a kan benci.

In ina son sa, sai in ce da ƙanwarsa Ladi, "Je ki kira yayanki." In babu kowa kusa, sai in ce, "Kai!" Ya saba, yana amsawa. Ina son yaron nan har cikin ɓargona, Allah ne shaidata, amma sai dai in ƙara masa nama a miya in kau da kai.

Yaro ne mai kai. Da ya gama ƙaramar lakwal, wato firamare, maigidana ya kai shi Magaria ya yi kwaleji, ya sauke shi gidan amininsa Malam Sani, mai sayar da hatsi. Musulmi ne, shi da matarsa Hajiya Hadiza, kuma sun riƙe mana shi kamar su suka haife shi. Duk wanda ya zage su a gabana, da ni zai yi.

Mu kuwa a gida, mun ɗora masa komai. Ubansa bai yi boko ba, ni ma haka. Duk shekarar da gero ya ƙi, sai ubansa ya ce, "Bari dai yaron nan ya samu birebe." Birebe ita ce jarrabawar ƙarshen kwaleji. Rufin ɗaki ya yi yoyo, bari ya samu birebe. Jaki ya mutu, bari ya samu birebe. Kai ka ce takardar nan ruwan sama take yi!

Ya taɓa maimaita aji sau ɗaya saboda ciwo, kuma an gaya masa lakwal ba za ta sake ba shi wata damar ba. Ya san in ya faɗi, karatu ya ƙare ke nan. Da ya zo hutu na ƙarshe kafin jarrabawa, na ga ya rame, yana zaune gindin rumbu da littafi, kansa yana ta faɗuwa don barci. Na ji yana ce wa ubansa, "Baba, barci ne zai kashe ni. Da na buɗe takarda sai idona ya rufe." Na ji, na ci gaba da tuƙin ƙulina.

Jarrabawar tana zuwa ne daidai faɗuwar damina, lokacin da kowa yake gona. Ba mu je ba. Sai dai Malam Sani ya kira a salula ya ce ranar lissafi jiri ya kwashe yaron a cikin aji, an fitar da shi, amma ya samu sauƙi, washegari ya koma ya ci gaba da rubutawa. Muka ce zafi ne da yunwa. Muka yi addu'a, muka koma shuka.

Ranar da za a faɗi sakamako na ce ina da mai da zan kai Magaria. Babu wanda ya yi odar mai, kunya ce ta hana ni cewa wajen ɗana za ni.

Wadda ba ta taɓa tsayawa a filin nan ba, kada ta yi gaggawar zuwa. Yara da iyaye cike da filin lakwal, rana tana dukan kowa, wani mushe, wato malamin lakwal, ya hau tebur da amsa-kuwwa yana kiran sunayen waɗanda suka ci. Ya kira suna, wani gefe ya ɓarke da guɗa. Ya kira wani, yarinya ta faɗi a ƙasa don murna. Ni ina can baya da galan ɗin mai a kaina, ina jira baƙon mutum ya faɗi sunan da ni ban taɓa faɗa ba.

Ya gama na waɗanda suka ci. Ya kira na waɗanda za su sake zama zagaye na biyu. Ya gama. Ya sauko daga tebur.

Ba a kira shi ba, jama'a. Ba a kira shi ba!

Na hango shi gindin wata darbejiya, shi kaɗai. Ashe ya gan ni tun ɗazu. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ni kuma na sunkuyar da kai saboda mutane. Da na ɗago, ya juya ya nufi ƙofa. Na ɗaga murya na ce, "Kai!" Samari da yawa suka waiwayo, kowa yana tsammani da shi nake. Shi kaɗai ne bai waiwayo ba.

Bai koma gidan Malam Sani ba, bai zo gida ba. Hajiya Hadiza ta haɗa mini kayansa tana share hawaye. Ta jawo ni cikin ɗaki ta ce, "Maman Ladi, ki yi haƙuri, akwai abin da na gani ƙarƙashin tabarmarsa." Ta buɗe tafin hannunta, sai ga fankon ƙwayoyi, an ɓare su duka. Ba sai an gaya mini ba, na san su. Tramol ne. Irinsa ne maigidana yake sha da shayi lokacin noma, shi da yawancin mazan ƙauyenmu, don su wuni a duƙe ba su ji gajiya ba. Har shanun huɗa ana jiƙa musu.

Daga tasha ban shiga gida ba, gona na wuce. Na tarar da maigidana yana noman farko. Na zube masa fankon a gaban hauyarsa na ce, "Wa ya koya masa?"

Ya dafa hauya ya ce, "Ni na ba shi."

Na ce, "Kai?"

Ya ce, "To me zan ba shi? Ya ce barci yana hana shi karatu. Ni in aiki ya fi ƙarfina, shi nake sha. Jarrabawar nan ai ita ce nomansa, Rifkatu. Taimakonsa na yi."

Ya faɗa da zuciya ɗaya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ba mugunta ba ce, abin da yake da shi ya ba ɗansa, kamar yadda zai ba shi hauya. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita su a ɗakin Ubangiji ba. Makwabtanmu na gona suka daina aiki suna kallo. Ga shi can zaune a baya, shi ya ce in faɗi wannan kada in rage komai, don wani uban ya ji.

Damina ta wuce ba mu san inda yaron yake ba. Sai labari. Wani ya ce ya gan shi a kasuwar Mallawa. Wani ya ce a Dungass yake kwana a tasha. Daga baya muka tabbatar ya shiga cikin samarin da suke ɗauko esans, wato man fetur, daga Najeriya a kan moto, babur ke nan, jarkoki a ɗaure gaba da baya, suna bi ta daji da gudu. Aikin nan babu mai yin sa da idonsa biyu, sai an sha. Wanda ya fara da ƙwaya ɗaya don karatu, yanzu da yawa yake watsawa a baki.

Na daina cin abinci sosai. In na ji ƙarar moto sai in fito da ludayi a hannu. A majami'a in an ce a kawo roƙon addu'a, sai in ce, "A yi wa yaron gidanmu addu'a." Ko a nan ban iya wuce haka ba.

Lokacin kaka yaron ya zo gida sau ɗaya. Wayyo, 'yan'uwa! Da ban haife shi ba da ban gane shi ba. Wuya ya zama kamar kara, idanu jajaye, leɓe ya bushe, yana ta susar jiki. Yana warin esans tun daga ƙofa. Zuciyata ta ce in rungume shi, ƙafata ta kai ni madafa. Na zuba tuwo na ce, "Ladi, kai wa yayanki."

Ya ci loma kaɗan ya ture. Sai na kasa haƙuri, na tsaya daga bakin madafa na ce, "Kai, wannan rayuwar da kake yi, kashe kanka kake so ka yi, ko mu kake so ka kashe?"

Ya yi wata dariya mara daɗi ya ce, "Wa zai mutu don ni? Lakwal ba ta kira sunana ba, na ce to. Ke fa, Inna? Ke da kika haife ni, kin taɓa kiransa? Ko kin san shi ma?"

Maganar ta shige ni kamar an zuba mini tafasasshen mai. Amma kun san ni da zuciya. Maimakon in amsa masa, sai na ce, "Rashin kunyar da ka koyo a tasha ke nan? Ni za ka tsare da tambaya?" Ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya hau moto. Na tsaya ina jin ƙararsa har ta ɓace.

Daga nan sai da bazara ta yi tsakiya. Ina suyar gyaɗa da hantsi, Ladi ta shigo da salular ubanta a guje. Malam Sani ne. Ya ce, "Ku taho Magaria yanzu, kada ku tsaya komai."

Abin nan da ya kayar da shi a aji ranar lissafi, ashe ba jiri ba ne. Ƙwayar ce take sa mutum ya sandare yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Wannan karon a kan moto ta kama shi, da jarkoki cike. Ya faɗi, wuta ta tashi. Wasu masu amalanke ne suka ja shi suka turbuɗe shi da yashi, suka kai shi gidan likita.

Na shiga ɗakin na tarar da shi a kwance, an naɗe masa hannun hagu da haƙarƙari har wuya, kansa ma ya bugu. Ba ya motsi, ba ya buɗe ido. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya ce mana, "Ƙunar za mu iya da ita. Kan ne ban sani ba. Mun yi namu, ku yi addu'a." A gadon da ke kusa da shi akwai wani saurayi, shi ma aikin esans ne ya kawo shi. Washegari aka fitar da gawarsa, uwarsa tana bin ta a baya ba takalmi. Na dube ta na ce a raina, gobe ni ce.

Kwanaki muna nan. Ubansa yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Uwar mijina, da tsufanta, ta sa aka kawo ta a amalanke, tana gefen gado tana kore masa ƙuda. Hajiya Hadiza kullum sai ta aiko da kunu, kullum sai ya koma yadda ya zo. Ni kuwa ina can bakin ƙofa. Ko a nan, da surukata a wurin, ban iya zama kusa da shi ba.

Ran nan da rana tsaka Mama Fasto ta zo, ga ta nan zaune, ba za ta bar ni in yi ƙarya ba. Ta ce mu durƙusa, ta ce ni zan yi addu'ar. Na fara, "Ya Ubangiji, ka dubi yaron nan, ka tashi yaron nan..."

Ta taɓa kafaɗata ta ce, "Wane yaro, Rifkatu? Ɗakin nan cike yake da yaran mutane."

Na ce, "Mama, Ubangiji ai ya san shi."

Ta ce, "Ya san shi sarai, da sunansa ma ya san shi. Ke nake tambaya. Wa kike roƙa a ba ki?"

Na dubi surukata. Na dubi maigidana. Gumi ya karyo mini. Ku da ba ku tashi cikin al'adar nan ba za ku ce abu ne mai sauƙi. Wallahi, ku gafarce ni da rantsuwa, ya fi mini sauƙi in tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Harshena ya yi nauyi, sunan yana maƙogwarona ya ƙi fita. Sai tsohuwar nan, wadda ita ta karɓe shi daga hannuna ranar haihuwa, ta ajiye mafici ta ce, "Ni na yi ta kira tun da na zo, bai amsa mini ba. Ke kira ɗanki."

Na rarrafa har bakin gadon. Na kama hannunsa mai lafiya, rabona da riƙe hannun nan tun yana koyon tafiya. Na ce, "Ya Yesu, ni ce Rifkatu. Ban zo da komai ba. Ba na son birebe, ba na son aikin gwamnati, ba na son rufin kwano. Iliya nake so. Ka ba ni Iliya!"

Da sunan ya fita, sai kuka ya ɓalle mini irin wanda ban taɓa yi ba. Na sa bakina a kunnensa ina cewa, "Iliya! Iliya, ni ce Inna. Na san sunanka. Tun kana ciki na san shi. Iliya, ka dawo!"

Ba zan ce muku nan take ya tashi ba, don a gaban Allah nake. Bai motsa ba. Mama Fasto ta tafi, rana ta karkata, ni dai ban daina ba. In na gaji da kiran Yesu in kira Iliya, in na gaji da kiran Iliya in kira Yesu, har muryata ta dushe. Masu jinyar wasu gadajen suna kallona, ban damu ba. Kunyar ta riga ta tafi.

Ana kiran la'asar a masallacin da ke bayan gidan likitan, na ji yatsunsa sun matse nawa. Na ce, "Iliya?" Leɓensa ya motsa. Da wata 'yar murya kamar ta jariri ya ce, "Na'am, Inna."

Halleluya! Ku taya ni, 'yan'uwa, Halleluya!

Majo ya zo da gudu, ya haska idonsa, ya ce, "Madam, Allah ya ba ki." Ubansa ya kife a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Amma kada ku ce daga nan sai daɗi. Tashi daga suma daban, fita daga hannun ƙwaya daban. Da muka koma gida, jikinsa ya shiga neman abin. Ya yi ta amai, yana rawar sanyi cikin zafin bazara, yana cizon tabarma, yana roƙona in ba shi ko rabi. Ya zage ni, ya zagi ubansa. Sau ɗaya ya sulale ya samo, muka koma farko. Majo ya ba mu magani da shawara, 'yan zumunta suna zuwa bi da bi suna addu'a. Ni kuma duk lokacin da abin ya taso masa, sai in zauna in riƙe kansa a cinyata ina kiran sunansa har ya lafa. Ubansa ya kwaso sauran nasa ya zuba a masai, ya yi noman shekarar da ƙarfin da Allah ya ba shi. Gonar ba ta kai ta da ba, amma mun ci.

Hannunsa na hagu ya ƙanƙance, yatsun ba sa miƙewa, kuma ba za su miƙe ba. Birebe babu, lakwal ta wuce. Abokan ajinsa wasu suna lise, makarantar gaba da kwaleji, a Damagaram, in sun zo hutu yana gaishe su, in sun tafi ya yi shiru na wuni guda. Ina gani, yana mini ciwo. Yanzu yana wurin Malam Sani yana auna hatsi da hannu ɗaya, kuma damina biyu ke nan bai sa ƙwaya a bakinsa ba. Ban ce yaƙin ya ƙare ba, kullum da safe sai na sake miƙa shi ga Ubangiji.

Bana Ladi ce za ta zauna birebe. Na ce mata in barci ya zo ta kwanta. Na ce ranar sakamako zan tsaya a gaba, ba a baya ba, kuma ko mushe ya kira ta ko bai kira ta ba, da ni za ta koma gida.

Iyaye, jarrabawa tana tafe. Ku maza, abin da kuke sha a gona kada ya kusanci 'ya'yanku, ku ma ku rabu da shi. Ku mata 'yan'uwana, ban ce ku zubar da kunya duka ba. Amma in ɗanki ya juya zai fita ƙofa, kada ki tsaya kina "Kai." Wadda nata ya riga ya fita, kada ta fid da rai. Ki kai shi gaban Yesu da sunansa, ki dogara gare shi, yana ji. Ni ya ji ni, ni da ban iya ko buɗe baki ba.

Na gode wa Ubangiji da ya ba ni ɗana sau biyu. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa har abada.

Yau ya rako ni, yana can waje wajen amalanke, ya ce kunyar shiga taron mata yake ji. Ku ɗan yi shiru.

Iliya!

Kun ji shi? Ya amsa. Amin.